Gwaji kafin aiki

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka girka wa manhajar lissafi a kwamfuta, da wuya ya tambayi yadda aka tabbatar ba ta kuskure. Akwai wata hanya da masu rubuta manhaja ke bi, wadda Ba'amurke Kent Beck ya bayyana cikin littafinsa na shekarar 2002.

A ce ana son kwamfuta ta riƙa ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Kafin a rubuta ko layi guda na lissafin, sai a fara da gwaji: in kaya na sefa 10.000 ne, dole ta ce 11.900. A kunna gwajin, ya faɗi, alama ta yi ja. Faɗuwar nan ita ake nema, domin gwajin da bai taɓa faɗuwa ba, ba a san ko yana iya kama ɓarna ba. Daga nan a rubuta ɗan abin da zai mai da alamar koriya, ba a ƙara komi. Sannan a kintsa rubutun, ana sake gwadawa.

Haka gwaje-gwaje ke taruwa har ɗaruruwa. Ranar da aka taɓa lissafin rangwame, na haraji ya lalace, nan take ja ta bayyana, tun takardar kuɗi ba ta kai hannun mai saye ba.

Sai dai gwaji ba ya duba sai abin da mai shi ya tuna. In ya manta da kayan da aka yafe wa haraji, alama za ta tsaya koriya, ana kuwa karɓar wa mutane kuɗin da ba a bin su.