RA'AYINMU: Daga Tsoron Bulala Zuwa Tsoron Allah

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin farko na Islamiyya ya san abin da ke hana yaro ɗan shekara biyar satar alƙalamin ɗan'uwansa: malam yana kallo, kuma dorina tana kusa. Da malam ya fita, hukunci ya canza. Wannan ba laifin yaron ba ne, iyakar inda hankalinsa ya kai ke nan.

Wani masani ɗan ƙasar Switzerland mai suna Jean Piaget ya wallafa bincikensa a kan wannan a 1932. Ya riƙa ba yara labarin yara biyu: na farko ya buɗe ƙofa bai sani ba ya fasa kofuna 15, na biyu kuma ya hau yana neman satar kayan zaƙi ya fasa kofi ɗaya. Ƙananan yara sukan ce mai 15 ya fi laifi, don ɓarnar suke ƙirgawa. Sai wajen shekara goma suke fara tambayar me kowanne ya nufa. To, abin da Bature ya gano da kofuna, shi ne darasin hadisin farko na Arba'una, wato hadisin niyya, wanda yara ke haddacewa tun kafin su gane shi.

Shari'a kuwa ba ta yi wa yaro gaggawa ba. Manzon Allah (S) ya yi umarni a fara sa yara salla a shekara bakwai, a ladabtar a kanta a shekara goma, amma alƙalami ba ya hawa kan yaro sai ya balaga. Malaman fiƙihu suka bambanta yaron da bai da wayo, da mumayyizi, da mukallafi. Tsakanin bakwai da balaga akwai shekaru masu yawa, kuma an bar su ne domin umarnin da ke zuwa daga waje ya samu lokacin shiga zuciya.

Matsalar ita ce jiki yana balaga ko ba a so, hankali kuwa sai an yi masa aiki. Lawrence Kohlberg, wani Ba'amurke da ya fara nazarin samarin Chicago a shekarun 1950, ya kasa abin gida uku: mai gudun hukunci da kwaɗayin lada, mai bin abin da jama'a suka yarda da shi, sai mai tsayawa a kan ƙa'ida ko da shi kaɗai ne. Ya kuma lura manya da yawa a gida na biyu suke tsufa. Musulmi bai yarda da shi ba a kan inda ƙa'idar take fitowa, domin tushenta wahayi ne, amma wannan lura tasa gaskiya ce mai ɗaci.

Gida na biyun nan shi ne haɗarin matashin ɗan'uwa. Yana sahun gaba, ba ya fashin ta'alim, wandonsa da hularsa daidai da na 'yan'uwa. Amma ranar jarrabawar WAEC, da aka miƙo satar amsa ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, shi ma ya karɓa, hujjarsa ita ce kowa ma yana yi. A shagon ubangidansa ya tauye mudu saboda haka ake yi a layin. Irin wannan bai bar dorina ba, musanya ta kawai ya yi da idon mutane, kuma ranar da jama'arsa suka karkata zuwa zalunci, wal'iyazu billah, da shi za a tafi.

Masu tarbiyya ma suna da nasu kason. Malamin da ɗalibi ɗan shekara 17 ya tambaye shi dalilin wani hukunci, ya amsa da tsawa ko ya ce rashin ladabi ne, ya mayar da saurayi ajin 'yan shekara biyar. Kamata ya yi zaman ta'alim na samari ya ware lokacin da za a kawo mas'ala ta zahiri, kamar abokin da ya nemi a rufa masa asiri a kan kuɗin da ya ci na marayu, a bar kowa ya faɗi abin da zai yi da hujjarsa, kafin malam ya buɗe littafi.