Ba Rafali Ne Ke Kashe Wasan Makarantun Jos Ba

Da wuya a tashi wasan ƙwallo tsakanin makarantu biyu a Jos ba a ji wani yana cewa rafali ne ya kashe musu wasa ba. Yaran da aka ci ne ke fara faɗa, malamin wasanninsu ya tabbatar, shugaban makaranta ya kai wa iyaye, tsofaffin ɗalibai kuma su baza a WhatsApp kafin magariba. Maganar ta zauna daram har ta zama ra'ayin gari: wai abin da ya durƙusar da wasannin makarantu shi ne alƙalai marasa gaskiya, kuma da za a samu masu busa usur na ƙwarai da komai ya gyaru. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai cutarwa, domin yana ɗauke laifi daga kan masu shi ya ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a filin. Abin da ke lalata wasan yara shi ne kwaɗayin manya na ganin sakamako ko ta halin ƙaƙa. Zagin rafali ɗaya ne kawai daga cikin 'ya'yan wannan kwaɗayi.

A fara da duba halin da mutumin nan yake aiki a ciki. Ban da wasannin ƙarshe da akan kai filin Rwang Pam, yawancin wasannin makarantu a filin jar ƙasa ake yin su, layin gefe an ja shi da toka ko ma da ƙafa, kafin a je hutun rabin lokaci ya shafe. Sau da yawa rafali shi kaɗai ne, ko kuma an ba wasu ɗalibai biyu tuta su taya shi. 'Yan kallo na tsaye a kan layi, duk lokacin da ƙwallo ta nufi raga sai su ƙara matsowa ciki. Babu shinge, babu ɗakin da zai shiga idan an tashi, kuma hanyar da zai bi ya tari Keke ita ce hanyar da magoya bayan waɗanda aka ci za su bi. A haka ake so ya gane satar gida daga nisan mita talatin cikin ƙurar hunturu. Manyan alƙalan Turai, da mataimakansu da kyamarori da na'urar sake duba wasa, ba su daina kuskure ba. Neman kamala daga wannan bawan Allah rashin adalci ne, kiran kowane kuskurensa cin hanci kuwa ƙazafi ne.

Wanda ke son sanin inda ɓarnar take fitowa, ya tuna Yulin 2013. A gasar neman hawa rukuni da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa sun yi kunnen doki a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka buga wasanninsu na ƙarshe a lokaci guda. Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. A wasan Feeders an tafi hutu ana 7 da nema, wato ƙwallaye 72 suka shiga raga bayan an dawo, kusan ɗaya a kowane sakan 40. Labarin ya zagaya duniya, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'ai da alƙalan wasannin harkar ƙwallo har abada. Alƙalan sun cancanci hukuncinsu, domin sun gani sun yi shiru. Amma babu ko ɗaya cikin ƙwallayen nan 146 da rafali ya buga da ƙafarsa. Manya ne suka shirya, matasa suka aiwatar, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ita ce wadda aka kafa don renon yaran Filato. Ba wasan makaranta ba ne, na sani, amma waɗanda suka buga shi daga filayen makarantu da na unguwanni suka fito, a can suka fara koyon cewa abin da aka rubuta a takardar sakamako ya fi yadda aka same shi muhimmanci.

Maguɗin da ya fi yawa a wasan makaranta ma tun kafin a busa usur ake gama shi. Kowa ya san sojan haya: saurayin da ya gama sakandare shekaru uku da suka wuce, ko wanda ke koyon kanikanci a gareji, a aske masa gemu da safe, a sa masa rigar makaranta, a ba shi sunan wani ɗalibi na gaske wanda zai zauna a benci yana kallon wani na amsa sunansa. Rafali ba ya riƙe rajistar makaranta. Malami ne ya rubuta sunan, shugaba ya sa hannu, iyaye suka tafa. Wannan ɗabi'a ta bi mu har gaban duniya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasar matasa na shekara biyu, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru, Nijar ta fitar da mu daga neman gurbin gasar Afirka alhali muna riƙe da kofin duniya. Babu ruwan alƙalin wasa a ko ɗaya.

Akwai wasan da ya ɗauki wata hanya daban game da alƙali, kuma asalinsa wasan makaranta ne: zari-ruga, wanda ya samo sunansa na Turanci daga makarantar Rugby a Ingila. Ba shi da farin jini a wajenmu, ko da yake ana buga shi a Legas da Kano da wasu garuruwa, amma yadda ya tsara mu'amala da rafali ya isa abin koyi. Dokarsa ta ce yayin wasa alƙali kaɗai ke yanke abin da ya faru da abin da doka ta tanada. Bisa al'ada kyaftin ne kawai ke yi masa magana, cikin ladabi. Ɗan wasan da ya yi gardama bayan an busa laifi, sai a matsar da wurin bugun mita goma zuwa gidansu, abin da kan iya mai da bugun da ba shi da haɗari ya zama maki uku. Hikimar tana nan: gardama na jawo wa ƙungiya asara nan take, don haka abokan wasan mai gardama ne ke fara toshe masa baki. Ƙwallon ƙafa ma ta fara aro. Tun 2019 ƙananan gasanni a Ingila ke fitar da mai gardama waje na minti goma, a gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus kuma aka ce kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kobo. Kwamitin shirya gasar makarantu na iya rubuta su a takarda guda ya raba kafin wasan farko.

Za a ce ai zari-ruga ma ba tsarkakakke ba ne, kuma gaskiya ne. Wayne Barnes, wanda ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 da Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 12 da 11, ya sha barazana shi da iyalinsa. A gasar Craven Week ta 'yan makarantar Afirka ta Kudu, a 2018 an samu yara shida da amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi. A 2018 ɗin dai makarantun Auckland a New Zealand suka ce ba za su buga wasa da wata makaranta mai kuɗi ba saboda tana zawarcin 'yan wasan wasu, a 2022 kuma shugabannin makarantun suka yanke a daina haska wasanninsu kai tsaye a talabijin don rage matsin da ke kan yara. To amma wannan hujja goyon bayana take yi. A ƙasashen da alƙalai ke da horo da tsaro da kayan aiki, wasan makaranta ya gurɓace duk da haka da zarar manya suka mai da kofi abin alfaharinsu. Kuma da shugabannin Auckland suka tashi gyara, kansu suka duba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa akwai alƙalai masu karɓar na goro. Akwai su, musun haka yaudarar kai ne. Ba banza ba ne aka buga gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024 babu alƙalin Najeriya ko ɗaya a ciki. Sai dai cin hanci ciniki ne, ba ya ƙulluwa sai da mai saye, kuma mai sayen wasan makaranta ba daga sama yake faɗowa ba, yana cikin ofishin wata makarantar ko cikin tsofaffin ɗalibanta. Tsarin da ke barin mai masaukin baƙi ya ba rafali kuɗin mota da abinci shi ya buɗe ƙofar tun farko. Sannan a tambayi kai: wane mutumin kirki ne zai ci gaba da zuwa filin da za a zagi mahaifiyarsa a gaban yara, wataƙila a jefe shi, a kan ladan da bai kai cefanen yini ba? Mai mutunci yakan ajiye usur ya kama wata sana'a. Wanda ke jurewa sau da yawa shi ne wanda ya san abin da yake samu a bayan fage. Ashe zagin da muke yi da sunan yaƙi da ɓaragurbin alƙalai shi ke korar nagari ya bar mana su.

Wasu iyaye na da damuwa ta gaskiya: kada a koya wa yaro sunkuyar da kai ga zalunci. Ba wannan ake nema ba. Akwai bambanci tsakanin neman haƙƙi da ɗaukar doka a hannu, kuma filin makaranta shi ne wuri mafi sauƙi da yaro zai koyi bambancin. A bar wasa ya ƙare, kyaftin ya sa hannu a takarda tare da rubuta ƙorafi, makaranta ta kai ƙara gaban kwamiti, kwamiti ya saurara ya fitar da hukunci a fili, alƙalin da aka kama a cire shi. Wannan darasi ya fi muhimmanci a Jos fiye da garuruwa da yawa. Garin nan ya ga rikicin Satumban 2001 da na Janairun 2010, rikicin Nuwamban 2008 kuwa daga taƙaddamar sakamakon zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya ɓarke. Tun daga nan unguwanni suka rabu, har filin ƙwallo ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da yaron Gangare ko Anguwan Rogo zai haɗa kafaɗa da yaron Tudun Wada ko Kabong. Idan a wannan wurin malami ya nuna wa ɗan shekara goma sha huɗu cewa ba a taɓa cin mu sai da maguɗi, cewa sunan rafali kaɗai ya isa a gane ɓangaren da zai bi, to ya shuka abin da ba zai tsaya a bakin fili ba.

Masu cewa zafin gasa ne ke haifar da gwanaye sukan kafa hujja da tarihin Jos, kuma tarihin abin alfahari ne. Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo suna cikin tawagar 'yan makarantar Najeriya da ta doke ta Ghana a tsakiyar shekarun 1960, Mighty Jets ta ɗauki gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Segun Odegbami da ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980 a kwalejin St. Murumba ya yi karatu. Daga baya ga Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Babu mai cewa a daina ƙirga ƙwallaye ko a daina ba da kofi, yaro ya so nasara da dukan ƙarfinsa. Amma gwani yana fitowa ne daga yawan buga wasa da sa'o'insa, da kuma kocin da zai zaunar da shi bayan an ci su ya nuna masa inda baya ta buɗe. Ƙungiyar da ta tafi gida da imanin cewa rafali ne ya ci ta, ranar Litinin ba ta da abin gyarawa a atisaye. Kowane sojan haya kuma ɗalibi ɗaya ya hana bugawa, kuma ba wanda ya san abin da wannan ɗalibin zai zama.

Gyaran yana hannun ma'aikatar ilimi ta jihar Filato da shugabannin makarantu da ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha. Kwamitin gasa ne zai biya alƙalai daga kuɗin rajista, kada sisin makaranta ya shiga hannunsu. A tantance 'yan wasa da rajistar aji da hoto tun farkon zango, makarantar da aka kama da sojan haya a fitar da ita, shugaban da ya sa hannu ya amsa tambaya a ma'aikata. Kyaftin kaɗai zai yi magana da rafali, mai gardama ya huta minti goma a waje, malamin da ya tsallaka layi ya shiga fili kuwa makarantarsa ta rasa maki uku ko da ita ta ci wasan. Kowace makaranta mai shiga gasa ta tura ɗalibai biyu na manyan azuzuwa, mace ko namiji, ƙungiyar alƙalai ta horar da su, su riƙa busa wasannin ƙananan azuzuwa ƙarƙashin kulawar babba. A kuma ajiye wa rafali takardar da zai ba kowace makaranta maki kan halayyar 'yan wasanta da malamanta da 'yan kallonta, a karanta wannan makin a taron safiyar Litinin tare da sakamakon wasan.