Shan Ƙwaya Da Aikin Ƙwaƙwalwa

A watan Mayu na 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekara ya ƙiyasta masu shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. Amma doka kaɗai ba ta raba mashayi da kwalba, a Gusau yake, ko Tsafe, ko Bunguɗu.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. A 1997 masani Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka bayyana cewa jijiyoyi masu fitar da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwar biri sukan zabura idan ya sami abin daɗi ba zato. In ya saba kuwa, tun daga ganin alamarsa suke zabura. Kodin da tiramadol suna ingiza waɗannan jijiyoyi fiye da kima, har ganin kwalba kawai ya isa ya tayar wa wanda ya tuba da tsohuwar ƙishirwa.

Saboda haka kame dillalai wajibi ne a kan hukumar NDLEA, amma mashayi jinya yake bukata. Ya kamata ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe su ƙware a wannan jinya, domin su ne za su tarbe shi a asibitocin karkara.