Karta ba ta san ka yi asara ba

Jiya a majalisa wani ƙanena yake ce min, "Yaya, sau bakwai a jere ana cinye ni, wannan karon dai dole in ci." Wallahi maganar ta tsaya min a rai, don wannan "dole" ɗin ita ke lashe jarin samarinmu. Ba wa'azi na zo yi ba, malamai sun yi. Lissafi kawai za mu yi.

Ɗauki karta. Kati 52 ne, sarki 4 a ciki. Damar ka zaro sarki 4 ce cikin 52, wato 1 cikin 13. A ce ka zaro shi ka ajiye gefe. Yanzu saura kati 51, sarki 3, ka ga dama ta sauya ke nan. Sarki biyu a jere a haka, 1 ne cikin 221. A nan abin da ya faru da farko ya shafi na biyu, tunda katin ya fita daga wasa.

To amma idan ka mayar da katin aka sake cakuɗawa fa? An koma 1 cikin 13. Ko sau bakwai ka zara babu sarki, na takwas ɗin ma 1 ne cikin 13. Karta ba ta san an cinye ka ba, balle ta tausaya maka.

Masu gidajen caca sun fi kowa sanin wannan bambanci. A 1962 wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, ya fitar da littafi ya nuna cewa mai ƙirga katunan da suka riga suka fita zai iya rinjayar gidan caca a wani wasan karta. Me suka yi? Suka ƙara yawan katunan, suka dinga cakuɗawa akai-akai, don ƙirgar ta tashi a banza.

A 1913 kuma, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan da ake juyawa ya faɗa a baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, wai lokacinsa ya yi. Haka suka tafka asara.

Irin wannan tarkon ne ke cikin wayarka yau. Ka haɗa wasan ƙwallo 10 a tikiti ɗaya. Ko da kowane wasa damarka rabi ce, cin tikitin 1 ne cikin 1,024. Tikitin jiya da ya ƙone kuwa bai ƙara wa na yau komai ba.

Don haka ɗan'uwa, in zuciyarka ta ce maka "saura ƙiris", ka tambaye ta: wane kati ne ya fita daga wasan? In babu, to kuɗinka ne kaɗai ke fita. Wanda ya riga ya tafi ya tafi, ka riƙe na aljihunka.

Allah Ya sa mu gane.