Zare: Legas da nisa, amma Katsina fa?

1/ Duk ɗan makarantarmu da ya leƙa Legas hutu, sai ka ga hotonsa a Nike Art Gallery da ke Lekki, ya juya baya yana kallon zane kamar mai nazari 😅 Ba laifi, wurin ya haɗu. Bene hawa-hawa cike da zane, adire da sassaƙa, kuma shiga kyauta ne.

2/ Amma ku tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan tarihi na Katsina. Shiru. Daga nan Shema ka fito Dutsin-Ma, ka bi ta Kurfi, kafin azahar kana cikin birni.

3/ Ginin ma kansa abin kallo ne. Tsohuwar Kwalejin Katsina ce da aka buɗe a 1922, ginin ƙasa, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Muna haddace sunayensu don jarrabawa, ajin da suka zauna kuwa ba mu san ƙofarsa ba.

4/ Ga abin da ya fi ci min rai. A 1992 an tono kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Aka samu 'yan kunne na zinare, tasoshin tagulla, wuri da duwatsun ado, kayan sarakunan da suka yi zamani ɗaruruwan shekaru da suka wuce. An kai su Mainz a Jamus aka gyara, aka baje kolinsu can a 2011. Jamusawa sun je sun kalla. Mu nawa ne a nan muka taɓa jin sunan wurin?

5/ Sannan akwai mutum-mutumin yumɓu da 'yan fasa-ƙwauri ke haƙowa daga ƙasar Katsina da Sakkwato, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan da ake sacewa tun shekarar 2000. Wani zai ce ai gumaka ne, a bar su su tafi. Ɗan'uwa, babu wanda ya ce ka bauta musu. Shaida ce cewa an yi mutane masu basira a wannan ƙasa, kuma wanda ya saya a Turai ya san darajarsu sarai.

6/ Na san uzurin: hanya ba lafiya, kuɗin mota ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma biki ko kallon ƙwallo a Katsina bai taɓa gagararmu ba, jama'a.

7/ Ƙungiyoyin ɗalibai, kuɗin da ake tarawa na walimar ƙarshen zango ya isa hayar bas ɗaya ranar Asabar. Gidan tarihi da safe, Hasumiyar Gobarau kafin la'asar, a dawo gida da sauran rana. Wa zai shiga? Ku ajiye suna a ƙasa 👇