Abin da ke Cinye Gonakin Bakin Ruwa a Ƙasar Yauri

Duk wanda ya shiga jirgi daga Warra ya nufi Yelwa bayan ruwa ya ja baya, zai ga gaɓa ta tsattsage, wani wurin ma ta rufta da kunyoyi a kanta. In aka tambayi mai gonar sai ya ce ruwa ne ya ci. Gaskiya ne ruwa ya ci, amma sau da yawa hannun mutum ne ya miƙa masa.

Da fari ya kamata a san inda ƙasar noma ta fito. Asalinta dutse ne ya marmashe, kuma kowace ƙasa da irin abin da ke marmasa nata dutsen. A hamada, rana ta gasa shi, dare ya yi sanyi, ya buɗe ya tsuke har ya fashe. A ƙasashen sanyi kamar Ingila, ruwa ne ke shiga tsaga ya daskare, ya ƙara girma wajen kashi 9 cikin 100, ya ɓare dutsen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kudu kuwa, inda ruwa ya yi yawa ga ɗumi, dutse ruɓewa ya ke yi a hankali ya koma jar ƙasa mai zurfi. Ƙasar Yauri tana tsakani, tana shan zafin bazara, tana shan ruwan damina. Amma ko ta wace hanya, aikin ba shi da sauri. Inci ɗaya na ƙasar sama ya kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu, ruwan dare ɗaya kuwa yana iya kwashe shi.

Zaftarewar ƙasa kuma abu uku ke kawo ta: gangare, da ruwan da ya jiƙa ƙasa ta yi nauyi, da rashin saiwar da za ta riƙe ta. A Saliyo, ran 14 ga Agusta 2017 gefen wani tsauni ya zubo a kan gidaje kusa da Firitawun bayan ruwa mai yawa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. An daɗe ana sare itatuwan wurin ana gini. Ngaski da Shanga ba su da tsaunuka irin waɗannan, amma gaɓar ruwa da ramin haƙar zinariya duk ƙa'ida ɗaya suke bi.

Tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, aka ta da mutum wajen 44,000 daga garuruwansu da gungunansu, halin Kwara ya sake. Kowace shekara tafkin ya kan cika, sa'an nan ya sauka wajen ƙafa 30. Sa'ad da ya cika, gaɓa tana shan ruwa ta ƙoshi, igiyar ruwa kuma tana ƙwaƙule ta daga ƙasa. Da ya sauka, sai a bar ta da nauyin ruwan da ta sha, ba abin da ya tokare ta. To, in babu saiwa a ciki, me zai hana ta faɗuwa?

Nan ne laifin mutane ya shigo. Ana sare itatuwan bakin ruwa don bandar kifi da gawayi. Ana huɗa har kan gaɓa. A tudu kuma ana jan kunya ta bi gangare, ta zama hanyar ruwa, bayan 'yan shekaru ta koma kwazazzabo. Ƙasar da ta tafi kuwa cikin tafki ta ke kwanta, ta rage masa zurfi.

Manomi zai ce ai bakin ruwa ne ke da damshi, can albasa ke yin kyau, yaya za a ce ya bar shi? Maganarsa tana da hujja, balle Gungawa da ruwa ya riga ya cinye musu gonakin kakanni. Amma ba a ce ya bar gonar ba. Taki goma kawai zai bari daga gaɓa, ya dasa jema ko gamba, ya ƙyale giyayya da ɓaure su tsaya. Ciyawar ma ba asara ba ce, ga zana, ga jinka, ga abincin dabba. Wanda ya ƙi ba ciyawa taki goma, shi zai ba ruwa ashirin.

A tudu, a ja kunya a gicciye, a jera duwatsu inda ruwa ya fara yanka tun wurin bai fi ƙarfin fartanya ba. Mutanen duwatsun Gwoza da jeren dutse suka riƙe ƙasarsu tun zamanin kakanni. Masu haƙar zinariya su kuma su daina shiga rami mai zurfi da damina, su cike wanda suka gama da shi.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, don in maƙwabci ya sare nasa itatuwa, gaɓar duka za ta tafi. Ya kamata hakimai da dagatai da sarakunan ruwa su zauna da malaman gona su shata iyakar da gatari da garma ba za su ƙetare ba. A yi shi tun da rani, kafin ruwa ya dawo.