Kwarashi da Zare a Lissafin Kayan Sallah

Da azumi ya raba tsakiya, telolin Gusau sukan daina karɓar ɗinki. Wanda ya makara sai ya bi shago-shago a Tudun Wada da Sabon Gari yana magiya, janareto na ruri har asuba. Kowane magidanci yana da lissafin wannan hidima a ka: shadda, atamfa, takalma, kuɗin ɗinki, kuɗin kitso da na lalle. Amma akwai wani aiki da ake yi a cikin gidaje wanda ba ya shiga lissafin kowa, aikin matar da ke zaune a kan tabarma bayan an sha ruwa an yi asham, ta jefa dunƙulen ulu cikin kwano don kada ya gangara ya kwashi ƙasa, tana saƙa wa ɗiyar ƙanwarta jakar yawon Sallah.

Irin wannan kyauta ta fi yawancin abin da ake sayowa a kanti tsada, kuma ita aka fi rainawa. Ya kamata mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu su sake dubanta, su mayar da ita cikin kayan Sallah da gangan, kuma su riƙa biyan masu yin ta haƙƙinsu.

Sai mutum ya zauna kusa da mai saƙa kafin ya gane abin da ake nufi da tsada a nan. Kwarashi ɗan tsinke ne mai ƙugiya a baki. Mai saƙa takan naɗa zaren a ɗan yatsan hagu, ta ɗaura ƙulli na farko, ta riƙa janyo zare ta cikinsa har ya zama sarƙa. Idan hula ce sai ta haɗe bakin sarƙar ya zama zobe, ta riƙa zagayawa tana ƙara ido a kowane zagaye har tsakar hular ta kai faɗin tafin hannu, sannan ta daina ƙari, gefen ya fara sauka da kansa. Duk tsawon aikin tana ƙidaya a zuci. In yaro ya yi kuka ta tashi, ko tukunya ta tafasa, ta dawo ta ɓata lissafi, hular za ta karkace, kuma ba wata dabara sai warwara. Wani lokaci aikin yini guda ake warwarewa a cikin minti biyu. Zaren yakan yi wa yatsa kanta, wuya ya ƙage, ido ya gaji, musamman ga wadda ke aiki da hasken tocilan waya saboda ba a kawo wuta ba.

Saƙar kibiya biyu ta daɗe da samun inji. Tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa a Ingila, kuma jikokinta ne kekunan saƙa da 'yan siyasa ke raba wa mata a tarukan tallafi. Kwarashi kuwa har yau ba a samu injin da ke yin sa yadda hannu ke yi ba. Akwai masu kwaikwayon kamanninsa, amma na ainihin, ko a kantin Landan aka gan shi ko a Kasuwar Ɗanjuma, wani ɗan Adam ne ya zauna ya ja kowane ido da hannunsa.

To, nawa ne ladan wannan zama? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kimanin naira 3,000 a kowace ranar aiki. A ce kayan jariri, riga da hula da safa, sun ci wa mace kwana uku cur. Ladan hannunta kaɗai ya doshi naira 9,000, ba a sa kuɗin ulu da maɓalli ba. Duk wadda ta taɓa kai irin waɗannan kaya talla ta san yadda fuskar mai saye ke canzawa idan ya ji kuɗin da bai kai haka ba ma.

Cikin dangi abin ya fi ciwo. Da zarar an san yarinya ta iya saƙa, ta zama masaƙar gida. Gwaggo ta aiko: "Ke ɗiyata, ki yi wa jikana irin wagga hula." Matar yaya ta ce a yi wa 'ya'yanta uku. Ba a aiko da ulu ba, ba a tambayi ko tana da lokaci ba, ita kuma kunya ta hana ta magana. Idan aka zo suna, mai ɗauke da kaya a leda mai tambarin kanti ita ake yi wa guɗa, wadda ta kwana tana saƙa kuwa sai a ce, "Ai ita da hannunta ta yi," kamar yin da hannu rangwame ne. Wannan ba al'adar Bahaushe ba ce. Bahaushe ya san tukuici, har ɗan aiken da ya kawo kyauta ba ya komawa hannu rabbana. Mata sun san biki, kowace tana riƙe da abin da aka kawo mata don ta rama da ƙari. Al'ummar da ke ba ɗan aike tukuici bai kamata ta manta da wadda ta yi aikin ba. Kyautar da mai saƙa ta yi don ra'ayin kanta kyauta ce, a karɓa da godiya, a rama. Wadda aka sa ta kuwa aiki ce, a biya.

Akwai masu cewa wannan magana ta masu hali ce, kuma suna da hujja. Rigar sanyi ta gwanjo ta fi saƙar hannu araha, hular Sin ma haka, kuma magidancin da ke fama da kuɗin masara ba zai tsaya zaɓen kyau ba. Gaskiya ne. Ulun da ake saƙar da shi ma ya tashi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin man fetur da ya ninka kuɗin mota daga Kano, inda 'yan kasuwa da yawa ke saro kaya. Ba wanda ke cewa talaka ya bar gwanjo. Maganar ta masu sayen shadda mai tsada ce su raba wa abokai, da masu cika leda da kayan roba na yara da ba sa kai mako ba su karye ba. Kuɗin kyautar Sallah ana kashe su ko ta yaya. Abin dubawa shi ne ko wani kaso zai tsaya a Birnin Ruwa da Kwatarkwashi da 'Yandoto, a hannun matar da za ta sayi gero da sabulu da shi a unguwarsu, ko kuwa duka za su bi kwantena su koma ƙetare.

Batun zaren kansa abin takaici ne ga duk wanda ya san tarihin wannan yanki. Ƙasar auduga ce. Daga Funtua zuwa Tsafe zuwa Gusau, auduga na cikin abin da ya jawo Turawa suka shimfiɗo layin dogo daga Zariya, ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurza a Gusau. Bayan da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, Gusau ma ta samu tata, Zamfara Textile, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa kafin ta durƙushe kamar sauran masaƙun Arewa. Tun kafin duk wannan, kakannin matan yau suna gurza auduga a kan magurji, su shiɓe ta da baka, su shafa alli a yatsu su murza mazari, zare ya fito, siriri don saƙar riga, abawa don gwado. Tsohuwa takan tara zaren kaɗinta ta kai wa masaƙi a yi wa jikarta zanen aure. Kyautar hannu ke nan tun asali, daga gona har jikin amarya.

Yau jikanyar wannan tsohuwa tana saƙa da zaren da ake kira ulu alhali yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake samarwa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana da launi mai ɗaukar ido, yana jure wanki. Amma yana da zafi a jiki, kuma idan wuta ta taɓa shi yakan kama ya narke ya manne a fata. Duk uwar da 'ya'yanta ke zagaye murhu suna jin ɗumi da sassafe ya kamata ta san wannan. Zaren auduga ya fi dacewa da fatar jariri da kuma zafin Zamfara, sai dai samun mai kauri na kwarashi yana da wuya. Jihar da aka ƙirƙiro a 1 ga Oktoban 1996 da taken noma abin alfahari ba ta rasa audugar da za a murɗa irin wannan zare ba. Ba sai an jira an tayar da babbar masaƙa ba, ƙaramin injin kaɗi da marina sun isa a fara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, wuri ne da ya dace a gwada wannan, a kuma koya wa malaman gobe yadda ake lissafin farashi tare da yadda ake riƙe kwarashi.

Wani zai ce me za a yi da saƙa a Sallar da ke zuwa cikin zafi? Ƙaramar Sallah ta 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, babba kuma a farkon Yuni, lokacin da ko farar riga nauyi take yi wa mutum. Masu saƙa sun daɗe da amsa wannan. Ba hula da safa kaɗai kwarashi ke yi ba. Akwai 'yar jakar da yarinya ke ratayawa ta zuba kuɗin barka da Sallah, akwai jakar waya, jakar carbi da ta Alƙur'ani, marufin kwanon abincin da za a kai wa surukai, da farar tashi-ka-fiye-naci irin wadda alhazai ke dawowa da ita tsaraba.

Sannan kalandar tana tafiya wajen masu saƙa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka Sallah na ja da baya kowace shekara. In Allah ya kai rai, a 2030 Ƙaramar Sallah za ta zo a farkon Fabrairu, kuma a shekarar za a fara azumi sau biyu, a Janairu da Disamba. Shekarun da ke biye, Idi zai faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe dutsen Kwatarkwashi, yara na fita masallaci leɓe a tsage. Maƙwabta Kiristoci na Sabon Gari, waɗanda Kirsimetinsu kullum cikin sanyi take zuwa, sun riga sun san darajar hular jariri a watan Disamba. Yarinyar da ta fara koyo bana za ta zama gwana daidai lokacin da kowane gida ke neman rigar sanyi ta Sallah. Mai son a yi masa kuma, Rajab ne lokacin magana, ko Sha'aban in ya makara, da kuɗin zare a hannu. Cikin azumi hannun mace na kan kunu da ƙosai da tuwon sahur, abin da ya rage mata na saƙa daga barcinta take yankowa.

Akwai kuma waɗanda wannan sana'a za ta iya zame musu fiye da abin kyauta. A ƙasar Ayalan, lokacin yunwar da ta soma a 1845 bayan cuta ta lalata dankali, mutum kusan miliyan guda ya mutu. Matan coci da wasu masu hali suka buɗe ajujuwa suna koya wa matan talakawa saƙar leshi da kwarashi, ana sayarwa a Ingila da Amurka, kuma gidaje da yawa da wannan suka rayu. Koyarwar kaɗai ba ta isa ta cece su ba, an samar musu masu saye.

Gusau da Tsafe cike suke da matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye, da yawa mazajensu sun rasu. Gona ta gagare su, jari babu. Kwarashi ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar shago, mai goyo na iya yi, mai takaba na iya yi a ɗakinta, kuma kayan aikin duka za su shiga aljihun jaka idan an sake cewa a gudu. Amma an sha ganin yadda shirin koyon sana'a ke ƙarewa: a yi taro, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, bayan wata biyu kayan aikin su koma kasuwa don ba mai sayen abin da aka saƙa. Ko tallar WhatsApp da 'yan mata ke dogaro da ita ba ta da tabbas, kowa ya tuna Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a faɗin jihar aka kuma hana cin kasuwannin mako.

Mai saye tabbatacce ake buƙata, kuma yana nan. Kowace Sallah gwamnati da 'yan siyasa da attajirai suna raba shinkafa da atamfa da shanu na miliyoyin naira. Kowace rana ana haihuwa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, kuma ma'aikatan jinya kullum suna jaddada a rufe kan jariri, musamman bakwaini, don sanyi na yi masa illa da sauri. Idan aka ware wani kaso na kuɗin rabon Sallah aka ba ƙungiyoyin mata aikin huluna da safa na ɗakunan haihuwa, aka ba da kuɗin zare tun farko, aka biya ladan hannu a kan kowace hula da aka kawo, to za a iya ƙirga hulunan, a ƙirga matan, a kuma je ɗakin haihuwa a gani ko sun isa.